Na Kanti, Na Gida, Waya Ko Dandali: Wane Wasa Ya Dace da Yaro Mai Buƙata ta Musamman?

Likita kan gama duba yaro ya ce da iyayensa, "Ku riƙa yi masa wasa sosai," amma da wuya ya faɗi wane wasa, kuma da me. Uwa ta fito da wannan umarni a ka, ta ratsa kasuwa ta ga motoci masu fitila da jiniya. A gida ga wayar babansa da ke sa shi tsit har awa biyu, ga kuma gwangwanin madara da murafun kwalba da ya fi ƙauna da komai. A ƙofar gida 'yan unguwa na langa da gare-gare, shi kuwa an sakaya masa ƙofa. Hanyoyi huɗu ke nan, kuma kowacce tana da mai tsaya mata a cikin dangi.

Yaran da nake nufi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya sha wuya wajen haihuwa, ko shawara ta kama shi yana jariri, ko sanƙarau ya taɓa shi, har gaɓoɓinsa suka sandare ko suka saki, wuya bai tsaya da wuri ba, zama ya yi jinkiri. Akwai mai otizim, wadda kafafen labarai ke kira galahanga, wanda magana da cuɗanya ke yi wa wuya. Akwai mai larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take jawo masa jinkirin girma da fahimta, akwai kurma, akwai makaho, akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko na minti biyu. Abin da ya taimaki ɗaya kan iya cutar da ɗaya, shi ya sa tambayar "wane abin wasa ya fi" ba ta amsuwa sai an ƙara da "ga wane yaro".

Ra'ayina, don kada in ja ku da nisa: ga mafi yawan yaran nan kayan gida ne ya kamata su zama abincin yau da kullum, a sayo 'yan abubuwa ƙalilan na kanti waɗanda hannu ba ya iya ƙerawa, a mayar da waya kayan aiki maimakon mai reno, dandali kuma shi ne inda ake son a kai yaron a ƙarshe. Abin da nake aunawa da shi kuwa biyu ne. Wa ke yin aikin, yaron ko abin wasan? Kuma abin yana jawo mutum na biyu kusa da yaron, ko yana korarsa?

Na kanti

Kayan kanti gida biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin kanti da gida. Akwai masu batir, waɗanda ana danna maɓalli su yi waƙa, su ƙyafta fitila, su zagaya ɗaki. Akwai marasa batir: tubalan roba ko na katako, kofuna masu shiga cikin juna, ƙwallo, littafin hoto mai kauri, 'yar tsana.

Masu batir su ne ido ke fara kaiwa kansu, su ne kuma baƙi ke kawowa tsaraba. Wata mai bincike a jami'ar Arewacin Arizona a Amurka, Anna Sosa, ta naɗi hirar iyaye 26 da jariransu 'yan wata 10 zuwa 16 a cikin gidajensu, aka buga sakamakon a 2016. Lokacin da suke wasa da abin da ke magana da kansa, iyayen sun rage magana, sun rage amsa wa yaran, yaran ma sun rage gwaranci. Da aka koma kan tubala da littafi sai baki ya buɗe. Yaran binciken lafiyarsu ƙalau, kuma ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da motar da ke rera waƙa ya san abin da ake faɗi: idan abu na surutu, babba shiru yake yi. Yaron da maganarsa ta yi jinkiri kuwa ba abin da yake nema kamar bakin babba a kusa da shi.

Ga mai otizim akwai ƙarin matsala. Yakan maƙale wa maɓalli ɗaya ya yi ta dannawa, ko ya kifar da motar ya zauna yana juya taya. Ba laifi ba ne, hakan na kwantar masa da hankali, amma ba a kuɗin mota ya kamata a saya masa wannan ba. Wani kuma ƙarar ce ke firgita shi har ya toshe kunne.

Wuri ɗaya ne nake ganin mai batir ya ci kuɗinsa: yaron da hannunsa da ƙyar yake motsi. Wanda bai taɓa ture kofi ya ga ya faɗi ba, bai taɓa buga kwano ya ji ƙara ba, ranar da ya dafa babban maɓalli fitila ta kama, ya gano cewa shi ma yana iya sa abu ya faru. Wannan babban darasi ne, kuma sauran yara a banza suke samunsa. Idan irin wannan yaron ne, a nemi mai faffaɗan maɓalli mai laushin dannawa, wanda ke yin abu ɗaya tak.

Marasa batir labarinsu daban. Tubalan da ke maƙalewa da juna suna da abin da kara da gwangwani ba su da shi, wato daidaito: kowane ɗaya na shiga ɗan'uwansa, ginin ba ya rushewa don hannu ya yi rawa. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Daniel LeGoff, ya gina wata hanyar koyar da cuɗanya a kan irin waɗannan tubala da ake kira Lego, ya wallafa ta a 2004. Yara uku ake haɗawa: ɗaya injiniya mai riƙe da hoton abin da za a gina, ɗaya mai miƙo kaya, ɗaya magini. Ba wanda zai iya gamawa shi kaɗai, dole a yi tambaya, a jira, a saurara. Ku lura cewa dabarar tana cikin rabon aikin ne. Ana iya yin haka da tubalan da ba su da suna, har ma da murafun kwalba masu launi.

Akwai kuma kayan da ake tallatawa a intanet da sunan "na masu otizim", da tsada mai ɗaga gira. Biyu daga cikinsu an gwada su. Ɗan abin nan mai juyawa a kan yatsa da ya cika kasuwa a 2017, an ce yana sa nutsuwa. Da aka gwada shi a aji a kan yara masu larurar rashin nutsuwa a Amurka, hankalinsu ƙara rabuwa ya yi. Bargo mai nauyi kuma, gwajin da aka yi a Ingila a 2014 kan yara masu otizim sama da 60 bai nuna ya ƙara musu barci ba, ko da yake iyayen sun so shi. A zafin watan Afrilu na Kano ko Maraɗi ma ban san wanda zai lulluɓa wa ɗansa shi ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Haɗarin kanti na gaske ne, kuma ya fi yawa a kayan gwanjo da masu arha da ba su da ko sunan kamfani. Ɗan ƙaramin batir mai kamar kwabo, irin na agogo, idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yana iya ƙona ta cikin awa 2. Wannan asibiti ne nan take, ba a jira ya fito da kansa, ba a sa shi amai. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da kusa mai murɗi ba, a bar shi a kasuwa. Ƙananan maganaɗisu idan aka haɗiye biyu suna iya manne hanji da hanji su huda shi. Fasasshen balan-balan na shaƙe yaro. Fenti mai ɓarewa kuma wani na ɗauke da dalma. Ko babban kamfanin Mattel sai da ya janye tarin kayan wasa daga kasuwa a 2007 saboda haka, mu kuwa abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400, ya ishe mu sanin abin da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Rubutun "daga shekara 3" da ke jikin kwali an yi shi ne don yaron da ya daina kai abu baki a wannan shekarun. Idan naku ɗan bakwai ne amma har yanzu yana tauna duk abin da ya samu, to dokar ɗan shekara biyu ce ke kansa.

Keken koyon tafiya mai zagaye, wanda ake zura yaro a ciki ƙafafunsa na reto, shi ne tsarabar da nake roƙon a daina kai wa yaro mai sandarewar ƙafa. Yana koya masa tafiya a kan yatsu, abin da masu gashin ƙashi na asibiti ke fama su hana. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda raunukan da yake jawowa. Keken katako mai taya uku da kafinta ke yi, wanda yaro ke tsayawa a baya ya tura, ya fi shi nesa ba kusa ba, in dai yaron ya kai matakin tsayuwa kuma an ɗora wa keken nauyi don kada ya gudu da shi.

Na gida

Mutane kan ɗauki kayan gida a matsayin maneji kafin kuɗi su samu. Wani bincike da aka daɗe ana bin sawunsa a wannan fanni bai goyi bayan haka ba. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, aka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya kan ziyarci gidansu awa ɗaya duk mako har shekara biyu, ta koya wa uwar yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Yaran nan yunwa ce ta taɓa su, ba otizim ko shanyewar gaɓoɓi ba, don haka kada a ɗora wa binciken abin da bai ce ba. Abin da ya nuna shi ne robar ruwa da tsumma sun wadatar, idan akwai uwar da aka nuna wa yadda za ta yi da su.

Babban fifikon kayan gida shi ne ana yi wa yaro su daidai jikinsa. Hannunsa ba ya damƙar siririn abu? A naɗa tsumma a jikin cokali ko alli har ya cika masa tafi. Yana iya jefa murfin kwalba a faffaɗan kwano? Gobe a ba shi gwangwani mai ƙaramin baki, jibi a huda murfin robar a bar ɗan tsagi. Abin kanti yadda aka yi shi haka yake, ko ya yi wa yaro sauƙi ya gundure shi, ko ya yi masa wuya ya jefar. Na gida kuwa kullum ana iya matsa shi gaba da taki ɗaya.

Na biyu, abin da ya koya a kansu shi ne abin da zai yi amfani da shi. Yaron da ke zuba gero daga kofi zuwa kofi, hannun da zai sha ruwa da kansa yake horarwa. Wanda ke maƙala abin shanya a bakin kwali, yatsun da za su ɓalle maɓallin riga ne. Mai jera takalman gida ƙafa da ƙafa ya fara lissafi. Yara masu jinkirin fahimta suna shan wuyar ɗauko darasi daga wani wuri su kai wani wuri, saboda haka wanda ya koyi "kofi" a kan kofin da yake shan koko ya huta da rabin aikin.

Yashi, ruwa, laka, kwaɓaɓɓen gari, kumfar sabulu: waɗannan su ne abin da ake sayarwa da tsada a ƙasashen waje don yaran da jikinsu ke ƙyamar taɓi ko ke neman sa fiye da kima. Mu suna tsakar gida. Wanda ke ƙin taɓa abu mai danshi kada a kama hannunsa a tsoma. A fara da busasshe kamar gero, a ba shi ludayi ya taɓa da shi, ranar da ya ga dama zai sa yatsa. Lilo da zani, mutum biyu su kama gefe su riƙa kaɗa shi a hankali kusa da ƙasa, yana kwantar da yara da yawa, kuma yana ba da dama mai kyau: a tsaya cak, a dube shi, a jira. Ko da ido, ko da motsi, ko da sauti ya nemi ƙari, a ce "ƙara?" a ci gaba. Daga irin wannan jiran magana ke tsirowa.

Ga mai shanyewar gaɓoɓi, kafin a yi zancen abin wasa sai an yi zancen zama. Yaron da duk ƙarfinsa ke tafiya wajen riƙe kansa kada ya kife, ba shi da sauran hannun wasa. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin dabarar baho da tsumma. Wanda ya girmi baho ana yi masa kujera da kwali: a manna kwali bisa kwali da kokon fulawa ko na rogo, a lulluɓe da takarda, idan ya bushe sai ya yi ƙarfi kamar katako. A Zimbabuwe wani malami, Bevill Packer, ya inganta wannan sana'a, yanzu kuma ana yin kujeru da teburan tsayuwa da ita a ƙasashen Afirka da dama. Awon kujerar dai aikin masu gashi ne, ko a asibitin ƙashi na Dala ko a sashen gashi na asibitin da ya fi kusa da ku, domin kujerar da ba ta dace ba tana ƙara karkatar da baya.

Inda kayan gida suka gaza guda biyu ne. Suna cin lokaci, kuma uwar da ke da yara biyar da sana'a a hannu ba ta da shi a yalwace. Maganin wannan shi ne a raba aikin ga yayye da kaka da uba, a yi minti goma-goma sau da yawa maimakon zama ɗaya mai tsawo. Sannan ba wanda ya gwada lafiyarsu sai ku. Bakin gwangwani na yanka. Wake da ƙwallon tsamiya na shiga hanci da kunne. Robar da aka taɓa zuba kananzir ko maganin feshi ba ta zama abin wasa ko an wanke ta. Ruwan da bai wuce tafin hannu ba a baho yana iya kashe yaro mai farfaɗiya ko wanda ba ya iya ɗaga kai, kuma farfaɗiya ta yawaita a cikin yaran nan. Mai cin ƙasa kuma a ba shi gero ko garin tuwo maimakon yashi.

Ko na kanti ko na gida, kada a zube su gaba ɗaya. A jami'ar Toledo a Amurka an gwada yara 36 da kayan wasa 4 da kuma 16. Da guda huɗun suka fi daɗewa a kan abu ɗaya, suka fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. A fito da uku ko huɗu, a ɓoye sauran, bayan mako a musanya.

Waya

Ba na zargin uwar da ta miƙa wa ɗanta waya don ta samu ta sauke tukunya. Wani yaron idan ba haka aka yi ba, ba a cin abinci a gidan. Kuma babu hujjar da ta tabbatar cewa waya ce ke haddasa otizim, don haka masu ɗora wa iyaye wannan laifin su sassauta. Illarta a fili take ba sai an ƙara mata gishiri ba: awannin da ta cinye, awanni ne da ba a yi wa yaron magana ba, bai motsa ba, bai taɓa komai ba sai gilashi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan ƙasa da shekara 2 ya zauna kallon allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, alhali tana son ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki.

Abin da ke ruɗar iyaye shi ne yaron kan fara rera ABC da ƙirga da Turanci daga bidiyo, sai a ce ai yana koyo. Ku gwada shi: yana iya cewa "ruwa" idan yana jin ƙishi? Yana juyowa idan an kira sunansa? Haddar waƙa daban, amfani da kalma don neman biyan buƙata daban, kuma na biyun ba a koyonsa sai da mutum mai amsawa.

Duk da haka akwai aiki uku da waya ta fi kowa iyawa. Ta farko, hoto. A ɗauki hoton kofinsa, buta, tabarmarsa, babansa, ƙofar fita, a kai shago a buga a rufe da leda mai ƙarfi. Yaron da ba ya magana ya miƙo hoton abin da yake so, a ba shi, a faɗi sunan abin. Andy Bondy da Lori Frost ne suka tsara wannan hanya ta musayar hoto a Amurka a 1985, kuma bincike bai nuna cewa tana hana magana fitowa ba. Sau da yawa ma kuka da duka ne ke raguwa, tunda an samu hanyar faɗa. Manhajojin da ke yin wannan aiki galibi da Turanci suke, hotunansu kuma na abincin da yaronmu bai taɓa gani ba, shi ya sa na gida da muryar uwa ya fi. Ta biyu, ɗaukar bidiyon yayansa yana wanke hannu ko sa takalmi, a kalla tare sau biyu, a ajiye wayar a je a yi. Ta uku, ɗaukar yaron kansa yana wasa ko lokacin da jikinsa ya yi wani abu, a nuna wa likita, domin a ɗakin likita ba lallai ya yi ba.

Ga babban yaro mai kaifin hankali wanda hannunsa ba ya riƙe fensir, ko makahon da waya ke karanta wa rubutu, zancen ya sauya gaba ɗaya. A wurinsu waya allo ce da alƙalami, kuma ta cancanci a yi mata tanadi.

Dandali

Babu kanti ko manhajar da ke sayar da abin da ke dandali: jiran layi, shan kaye, sulhu bayan faɗa, sanin lokacin da wasa ya zama gaske. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba yaron haƙƙin karatu, amma doka ba ta zuwa ƙofar gida bayan la'asar. A can wasa na da sauri, ƙa'idojinsa ba a faɗa, da yawansu kuma hukuncin wanda ya faɗi duka ne. Ga tsokana, ga manyan da ke raɗa cewa ɗan ruwa ne. Iyayen da suka rufe ƙofa ba don ƙiyayya suka rufe ba.

Tura shi cikin taro kai tsaye kuskure ne, rufe shi ma kuskure ne. A jawo dandalin cikin gida tukuna: yara biyu masu haƙuri, a zaure ko tsakar gida, da babba a kusa, da wasa ɗaya da aka rage wa gudu. Gaɗa ta dace da masu larurar Down da masu otizim da ke son waƙa, saboda amshi ɗaya ne ke ta dawowa, yaro ya san abin da ke tafe. Jini-jini, inda ake amsa "ja" ga abin da ke da jini kawai, horo ne na danne baki ga yaron da ke yi kafin ya yi tunani, da sharaɗin a cire dukan. Carafke ta yi sauri da duwatsu, amma da ƙullin tsumma mai ɗan nauyi tana yiwuwa. Dara, da gurabenta 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ba ta buƙatar ƙafa ko kunne, kuma na fi son ta ga yaron da ake raina wa hankali saboda jikinsa: ranar da ya cinye ɗan maƙwabta, kallon da ake yi masa a layin zai canja. Makaho na buga ƙwallo idan an sa ta cikin leda an ɗaure tam don ta riƙa ƙara. Kurma kuwa kusan kowane wasa yana shiga, abin da yake nema abokai ne da suka iya maganar hannu, kuma yara sun fi manya saurin ɗaukarta.

Wasanni biyu ina ja da su. Ɓuya ba ta dace da mai otizim da ke da halin sulalewa ba, a unguwar da ke da rijiya a buɗe ko kududdufi, domin ruwa na jan su kuma nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke halaka waɗanda suka ɓace. Alkafura da tsayuwa da ka kuma a hana mai larurar Down sai likita ya duba wuyansa, saboda wasunsu ƙasusuwan saman wuyansu ba su da ƙarfin riƙo.

Idan kuɗin kaɗan ne

Kuɗin farko ba na abin wasa ba ne. Yaron da bai fara magana ba a auna jinsa, ko da kuna ganin yana ji. Mai larurar Down a auna ji da gani duka, don matsalarsu ta yawaita a cikinsu. Ana iya shekara ana kaɗa wa yaro kacau-kacau alhali ba ya jin sa. Mai shanyewar gaɓoɓi kuɗinsa na biyu kujera ce da kuɗin motar zuwa gashi. Bayan nan ne kanti: ƙwallo, tubala manya waɗanda ba sa shiga baki, littafin hoto mai kauri guda biyu. Mai otizim a ƙara masa kuɗin buga hotuna. Mai yawan motsi tsohuwar taya da igiyar lilo da fili sun fi masa duk abin da ake zama a yi, kuma bayan ya gaji ne ake gwada wasan zama na minti biyar. Makaho a bar masa kayan gida na gaske, kofi na gaske da mabuɗi na gaske, domin motar roba ba ta gaya wa hannunsa komai game da mota.

Duk abin da kuka zaɓa, ku ba shi mako uku ko huɗu kuna lura da abu biyu: yana ɗago ido ya dube ku a tsakiyar wasan fiye da da, kuma yana yin wani sabon abu da kayan? Idan a'a ne duka, a sauƙaƙa wasan ko a canja shi. Idan kuwa yaro ya fara rasa abin da ya riga ya iya, kamar kalmomin da yake faɗi ko zaman da yake yi, wannan ba matsalar abin wasa ba ce, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.